Katin da ke Cikin Gwangwanin Falmata

Na san maganar da kuke yi in kun haɗu ba na kusa, kuma ba na jin haushin kowa. Umaru yana cewa da ban yi taurin kai ba, da a kwatas ɗin ma'aikatan waya kuka ƙarasa girma, ga famfo a tsakar gida ga lantarki, ba a ɗaki biyu na Bolori ba inda kuka sha bin layin rijiya. Hadiza kuwa, tun da ta karanta shari'a ta sa baƙar riga, sai ta mai da ni wani gwarzo da ya tsaya gaban gwamnatin soja ko gezau bai yi ba. To, duk ku biyun kun kauce, kuma gara in gyara muku tun ina da sauran numfashi. Ni ba mai taurin kai ba ne, ba kuma jarumi ba. Matsoraci ne ni na gasken gaske. Allah ne dai ya haɗa ni da mutum biyu da suka hana ni morar tsorona: maigidana a wurin aiki, da uwarku Falmata.

Maigidan nawa sunansa Baba Anjili, mutumin ƙasar Biu, Kirista, dattijon coci. Shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki a ofishin waya na Maiduguri, shi ya kuma koya mini riƙe filaya. Aikinmu a wani dogon ɗaki yake, wanda muke kira ɗakin wayoyi. Duk wanda ke da tarho a garin nan, daga Shehuri har unguwar Turawa, siraran wayoyinsa biyu a nan suke ƙarewa, a jikin wani makeken allon ƙarfe. In za a haɗa wa mutum layi, ko a yanke, ko a mayar da shi wani wuri, mu ne ke ɗaura guntuwar waya daga nan zuwa can. Baba Anjili yana da doka ɗaya tak, kuma ko gwamna ne ya shigo ba ya ɗaga ta: ba a taɓa waya sai an rubuta kati. Ɗan kwali ne mai huda da zare. Ka rubuta lambar layin, da abin da za ka yi masa, da ranar, da sunanka. Wanda ya sa ka aikin ya sa hannu a baya. Sannan ka ɗaura katin a jikin wayar, ya yi ta reto har ranar da za a cire ta.

"Garba, waya ba ta da baki," in ji shi. "Ranar da aka zo tambaya, katin ne zai yi magana, kai kana gefe kana shan shayinka."

Ni kuwa allo na fara riƙewa kafin littafin boko, don haka hannuna ba ya iya fara rubutu sai ya sa Bisimilla da Larabci a sama, ko da a kan ɗan katin nan ne. Baba Anjili yakan leƙo ta saman tabarau ɗinsa ya ce in rubuta da kyau, ai wayoyin damina ma suna bukatar albarka. Haka muka zauna shekara da shekaru. Kwano ɗaya muke ci a gindin dalbejiyar bayan ofis, yau burabuskon uwarku, gobe tuwon matarsa. Da azumi ba ya ko shan ruwa a gabana. In Kirsimeti ta zo, ni yake kawo wa kajin in yanka, don kada wani a ofis ya ce ba zai ci ba. Shi kansa manajanmu na lokacin ta hannun Baba ya bi yana saurayi, kafin a tura shi karatu ya dawo da babbar kujera da biro mai koren tawada. Ku riƙe maganar biron nan.

Uwarku kuma tata dokar daban. Ba ta yi boko ba, Hausarta ma ta Barebari ce, kun san yadda nake tsokanarta a kai. Amma in ta ga takarda da rubutun Larabci a ƙasa, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ta tsuguna ta ɗauka, ta kaɗe, ta kai goshi, ta zo gida ta jefa a wani babban gwangwanin madara da ke saman kabad. Na sha gaya mata ba duk Larabci ne sunan Allah ba, wannan da ta tsinto takardar ganyen shayi ce daga Chadi. Sai ta ce ita ba ta iya bambancewa ba, gara ta girmama shayi bisa kuskure da ta taka sunan Ubangiji bisa kuskure. Ranar wanki kuwa ba rigar da ke shiga ruwa sai ta lalube aljihunta.

Abin ya faru ne da bazara, shekarar da aka yaye Hadiza, soja na kan mulki. Da safe aka tura Baba Anjili gyaran layi a hanyar Bama, aikin da ba nasa ba, kuma sai daga baya na gane dalili. Hantsi bai yi ba manaja ya shigo ɗakin wayoyi da wasu mutum biyu, jami'an tsaro na farin kaya. Ya ba ni lamba, ya ce in ja waya daga wannan layi zuwa ɗan ɗakin ajiya da ke baya, inda suka riga suka ajiye rikoda. Na san lambar. Ta Alhaji Bukar ce, mai shagon atamfa da lafaya a Kasuwar Kwastam, wanda gidansa ke Shehuri. Yana da ƙane a Chadi, ana ta yaƙi a can, kuma yakan buga masa waya. Laifinsa ke nan. Na yi ƙarfin hali na tambaya ko akwai takardar izini, muryata ko ni ban ji ta sosai ba.

"Mu ne takardar," in ji gajeren cikinsu, yana murmushi.

Na juya ga allon. Sai dai hannu ba ya manta abin da ya saba. Kafin in ɗauki filaya na riga na zaro kati, na sa Bisimilla, na rubuta lamba da aikin da ranar da sunana, na miƙa wa manaja. Shi kuma yana tsakiyar yi wa baƙinsa bayani, ko kallon katin bai yi ba, ya juya bayansa ya rattaba hannu da koren bironsa ya miƙo mini, kamar yadda Baba ya hore shi tun yana saurayi. Sai a nan gajeren ya lura. Ya ce wannan aiki ba a rataya masa komai, a yaga. Manaja ya ɗan daburce, ya ce in yaga. Na ce akwai sunan Allah a jiki, ba a yagawa a zubar, ƙonawa ake yi, zan ƙona in na fita. Kuma wallahi niyyata ke nan. Na sa katin a aljihun gaba, na ɗaura wayar da hannuna, na tsuke ta da kyau don ba na son a ce aikina ya yi sako-sako. Ranar ko abincin dare na kasa ci, na manta da katin sam. Da na tuna bayan kwana biyu, rigar har an wanke an goge, aljihu wayam. Na ce ruwa ya cinye, na ji sanyi a raina.

Baba Anjili yana da al'adar zagaya allon kowace safiya, hannuwa a baya. Washegari ya tsaya cak a gaban wayar nan da ba ta da kati. Ya bi ta da yatsa har bakin ƙofar ɗakin ajiya, ya ga sabon kwaɗo, ya dawo. Ya tambaye ni hannun wane ne, na ce nawa ne. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ya ɗauko katin da ba a rubuta komai a kai ba, ya ɗaura a jikin wayar, ya wuce. Bai daina cin abinci da ni ba, bai daina gaishe ni ba. Amma bai sake tsokanata a kan Bisimilla ba, kuma wannan ya fi mini mari ciwo. Kafin damina ta fita ya nemi ritaya ya koma garinsu.

An kama Alhaji Bukar, aka tsare shi wata bakwai, aka sake shi ba tare da an kai shi gaban kowane alƙali ba. Da yawa irinsa sukan fito su gode wa Allah su ja bakinsu su yi shiru. Shi ya ƙi. A can ciki sun riƙa karanta masa maganganunsa na waya, har da wadda ya yi da 'yarsa da ke aure a Kano ranar da ta yi ɓari, yana lallashinta da sunan da yake kiranta tun tana goye. Suka karanta suna dariya. Ya ce tsarewar ya bar wa Allah, amma wannan ba za ta haɗiyu ba. Ya ɗauki lauya, ya kai ƙarar jami'an tsaron, ya haɗa da ofishinmu. Mutanen kasuwa suka ce zaman ɗaki ya taɓa masa kai.

Ofishinmu ya amsa wa kotu a rubuce cewa ba wanda ya taɓa layin Alhaji Bukar. A lokacin an daɗe da cire wayar, an kwashe rikoda, an share ɗakin ajiya. Wata Juma'a da safe manaja ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya tura mini takardar rantsuwa. Ni ne mai kula da allon tun tafiyar Baba, saboda haka shaidata ita ce ƙashin bayan maganarsu. In na sa hannu na kuma maimaita a kotu, akwai ƙarin girma, gidan kwatas kuma na nan. In na ƙi, bai faɗi abin da zai biyo baya ba, ya dai kalli taga. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Idonsa ya faɗa, shi ma a matse yake. Ya ba ni zuwa Litinin.

Na sakko daga masallaci na tarar da uwarku a tsakar gida tana haɗa turaren wuta, sana'arta ke nan tun tana budurwa, ga kasko da garwashi a gabanta tana gwada ƙamshi. Na zauna a bakin tabarma na shimfiɗa mata maganar yadda na tsara ta a hanya. Na ce ba wata shaida da ta rage, ko na faɗi gaskiya maganata ce kawai gaban ta manaja, ba za ta amfani Alhaji Bukar da komai ba, mu kuma ta raba mu da gida. Na ambaci makarantar Umaru, na ambaci fansho. Lauya ma da ya ji ni ranar sai ya sara mini. Ta saurara har na gama, ta tambaye ni ko da Alƙur'ani ake rantsuwar. Na ce eh. Sai ta tambaya ko aikin nan shi ne na ranar da na dawo na kasa cin abinci, da bazarar can. Na ce shi ne. Ta goge hannunta a gefen zane, ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin, ta juye shi a tabarma. Takardun shayi, yagaggun shafukan littattafan Islamiyya, guntun kalanda, duk suka watsu. Ta tona da yatsa ta zaro kati mai zare, ta ajiye a gwiwata. Rubutuna ne, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Na juya baya, ga koren sa hannu.

"Ni ban san abin da ke rubuce a ƙasa ba, Malam," ta ce. "Na dai san sunan wanda ka sa a sama. In za ka je ka ce ba a yi ba, Shi za ka fara gaya wa."

Raina ya ɓaci, kuma ina jin kunyar faɗa muku cewa da ita na yi fushi, ba da kaina ba. Na ce wa ya sa ta, abin da ya kamata a ƙona tun tuni ta je ta adana mana masifa a gwangwanin madara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu ta turo kaskon garwashin har gabana.

"Ga wuta nan. Ƙonawa ba laifi ba ne, kai ka faɗa. Amma da hannunka."

Na riƙe katin bisa garwashin har zafi ya fara cin yatsuna. Ba wanda zai sani. Ita ba za ta faɗa wa kowa ba, na san halinta. Amma in na sake shi ya faɗa, to da ita zan ci gaba da zama a gidan nan mai famfo, ta ɗora mini abinci, ta wanke mini riguna, ta lalube aljihuna, tana sane. Wannan ne na kasa. Ba tsoron kotu ba, ba son gaskiya irin wanda Hadiza ke zato ba. Na janye hannuna na tambaye ta, in an kore mu ina za mu. Ta ce kafin kwatas a ina muke, a sama? Ta mayar da takardunta cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ta bar mini nawa.

Ranar Litinin na mayar wa manaja takardarsa ba sa hannu. Da la'asar na nemi ofishin lauyan Alhaji Bukar. Ya daɗe yana jujjuya katin, sannan ya ce kati shi kaɗai ɗan kwali ne, sai an sami wanda zai gaya wa kotu abin da yake nufi a aikinmu. Aka aika wa Baba Anjili sammaci. Ranar zaman sai ga shi ya sauko daga motar Biu cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rame, tabarau ɗin an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya yi wa alƙali bayanin dokar kati dalla-dalla kamar yana koya wa sabon ma'aikaci. Ni ma na rantse na faɗi nawa, har da cewa ni na ɗaura wayar. Da aka zo kan manaja, lauya ya miƙa masa katin ya tambaye shi ko ya san sa hannun da ke baya. Lauyoyin ofis sun riga sun shirya masa amsa. Ya kalli katin, ya ɗaga kai ya kalli bencin da Baba ke zaune, hannuwa bisa sanda.

"Nawa ne," ya ce.

Hukuncin bai yi daɗin da kuke zato ba. Jami'an tsaron ko leƙowa kotun ba su yi ba. Alƙali ya ce game da su da tsarewar, dokar soja ta ɗaure masa hannu, ba shi da ikon tambayarsu. Amma ya ce ofishin waya ba barikin soja ba ne, amanar maganar mutane aka ba shi, kuma ba a nuna masa wata doka ko takardar izini da ta ce a buɗe layin mutum don wani ya shigo ya faɗa da baki ba. Ya umarci ofis ya ba Alhaji Bukar haƙuri a rubuce, ya biya shi diyya. A waje wani tsoho ɗan kasuwa ya taƙaita wa jama'a shari'ar, ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, yau dai daddawar aka kama. Ofis ya ɗaukaka ƙara, aka yi ta jan magana shekaru, a ƙarshe takardar haƙurin kaɗai ta isa hannun Alhaji, ya sa ta a gilashi ya rataye a shagonsa. Waɗanda suka saurari kukan 'yarsa suna dariya kuwa, har yau ba wanda ya tambaye su. An mayar da manaja wani gari. Ni aka ba ni takardar sallama da wa'adin sati biyu in bar kwatas. Abu ɗaya da na ji daga baya ya ɗan sanyaya mini rai: tsofaffin abokan aikina sun ce bayan shari'ar, in masu farin kaya suka zo, sabon manaja yakan ce su kawo a rubuce, kuma sau da yawa ba sa dawowa.

Ranar da muke ɗaure kaya Baba Anjili ya zo da jakar kayan aikinsa ta fata, ya ajiye a gabana. Ya ce in buɗe rumfar gyaran rediyo, in kuma tabbata na sa wa kowace rediyo Bisimilla, don na zamanin nan ba su da albarka. Da na ji tsokanar nan ta dawo sai hawaye ya zubo mini a gabanku, ban ɓoye ba. Da wannan jaka na ciyar da ku. Rumfar tana kusa da Kasuwar Kwastam, kullum sai na wuce ta gaban shagon Alhaji Bukar ina sunkuyar da kai. Wata rana ya kira ni, ya ba ni kujera, ya ce ya yafe mini ɗaura wayar saboda shaidar da na bayar.

Uwarku ba ta taɓa yi mini gorin gidan kwatas ba, ko sau ɗaya, ko ranar da rufin Bolori ya yi yoyo a kan gadonta. Abin da ya dame ta daban ne. Kotu ta riƙe katin a matsayin shaida, ita kuwa ba ta yarda da riƙon kotu ba. Ta yafa lafayarta ta tafi wurin magatakarda, ta ce a ba ta takardarta. Ya ce sai an gama ɗaukaka ƙara. Ta ce to a nuna mata inda aka ajiye. Ya nuna mata tarin fayiloli jibge a ƙasa a bayan ƙofa. Ta zauna a bencinsa ta ce ba ta tashi sai an ɗaga. Bawan Allah nan ya tono fayil ɗin ya ɗora a saman kabad, sannan ta yi masa godiya ta tafi. Duk bayan 'yan watanni takan koma ta duba ko yana nan a sama, har masinjoji suka san ta, suna ganinta suna cewa Ya Falmata ta zo gaida takardarta. Ranar da shari'a ta ƙare ita ta karɓo shi, ta kai goshi, ta mayar cikin gwangwani tare da takardun shayinta.

Yau shekara uku ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Gwangwanin yana nan saman kabad inda ta bar shi. Umaru, kai ka fi kowa shan wuyar Bolori, kai aka cire daga makarantar da kake so, kuma ban taɓa ba ka haƙuri yadda ya kamata ba. Ka yi haƙuri. Kai na bar wa gwangwanin. In ka buɗe za ka ga katin, ka karanta sunan da ke ƙasa, nawa ne, ni na ɗaura wayar, kada ka bari ƙanwarka ta goge wannan daga labarin. In ka gama dubawa ka mayar da shi, ka rufe. Kada dai ka ajiye shi a ƙasa, uwarka ba za ta ji daɗi ba.